Waƙar da Mas'udu Ya Hana a Fitar

Hajiya Aicha ba ta je unguwar Tianhe ta Guangzhou don jin waƙa ba. Lasifika ta je saye, irin ƙananan nan da ake haɗawa da waya, waɗanda 'yan kasuwar Maraɗi suka dame ta da saƙo a kansu. Ita sana'arta jakunkunan mata ce da takalma, ta daɗe tana zuwa Guangzhou tana lodi a tashar jiragen ruwa ta Huangpu, to sai wannan karon aka sami sauran wuri a kwantena ta ce bari ta cike shi. Abdulhakeem ne ya raka ta, wani Bakano mai ofishin tura kaya, wanda ya zauna a garin har Sinanci ya kama bakinsa. Shi ke yi mata tafinta, don ita daga Hausa sai Faransanci.

A wani shago cikin kasuwar kayan lantarki, mai shagon ta haɗa lasifika da wayarta don su ji ƙararta. Jita ce ta fara tashi, mutum ɗaya yana kaɗawa a hankali. Kafin mawaƙin ya buɗe baki, Aicha ta ajiye jakarta a kan gilashin teburin.

"Hwaɗa mata ta maido ta daga hwarko," in ji ta.

Aka maido. Wannan karon ta saurara har namiji ya shigo da Turanci, murya mai kauri kamar ta mai mura. Kalmomin ba ta san su ba. Amma hawan kiɗan da saukarsa, da wurin da yake ɗan tsayawa kamar mai haɗiye yawu kafin ya ci gaba, duk ta san su tun tana yarinya.

"Hajiya, lafiya?" Abdulhakeem ya tambaya.

"Tambaye ta inda ta samo wagga waƙa."

Mai shagon ta yi dariya, ta ce ai babu wanda bai san ta ba a bana, kowa ita yake ɗorawa a kan gajerun bidiyonsa. Ta shiga nuna musu. Ga kyanwa ana yi mata wanka a roba, kiɗan na tashi. Ga amarya cikin farar riga. Ga wani ƙato yana zuƙar taliya daga kwano. Sannan ta buɗe hoton mai waƙar, wani tsohon Bature ɗan Scotland, gemu fari, ya rungume jita. Abdulhakeem ya karanta sunan: Ewan Garrioch.

"Iwan," Aicha ta ce. Ta ɗauki jakarta ta fita, ba ta sayi ko lasifika ɗaya ba.

A bakin matakala ta gaya wa Abdulhakeem abin da ke akwai. Mahaifinta, Mas'udu, mai gyaran keke ne a Maraɗi, kuma makaɗin gurmi. Yakan yi wa 'yan kokawa kiɗa da manoma in an gama girbi. Wata damina ƙaninta Lukman ya bi yara wanka a Gulbi, ruwa ya tafi da shi. Mas'udu ya rataye gurminsa ya daɗe bai taɓa ba. Ran da ya sauke shi, wannan kiɗa ya yi, a tsakar gida, yana kiran sunan yaron. Bai taɓa kai shi filin kokawa ba, bai taɓa kaɗa shi an ba shi ko dala ba. Sai in abin ya taso masa ya zauna a gindin bango ya yi, Inna, mahaifiyar Aicha, tana ɗaki tana ji.

Bayan nan ne wani saurayin Bature ya iso garin da jita a baya da na'urar ɗaukar murya. Zazzaɓi ya kayar da shi a tasha, Mas'udu ya ɗauko shi a keke ya kawo gida. Inna ta kwashe kayanta daga ɗaki ta ba shi. Ya yi bazara guda a wurinsu, yana cin tuwonsu, yana bin Mas'udu duk inda aka kira shi kiɗa. Wata rana ya ji kiɗan Lukman ya kunna na'urarsa. Aicha tana nan zaune tana tsince shinkafa lokacin da mahaifinta ya ɗora hannu a kan na'urar ya ce masa, da Hausa da kuma guntun Faransancinsa, sauran duka ya ɗauka ya kai inda yake so, amma wannan ta gida ce, ba ta fita. Baturen ya dafa ƙirji ya ce ya ji.

"Baba ya rasu bai sake jin labarinshi ba," ta ce. "Kullum cewa yake Allah ya sa Iwan ya isa gida lahiya."

A cikin jirgin ƙasa Abdulhakeem ya binciko mutumin a waya yana fassara mata. Ya fara waƙa ne a mashayun wani garin masunta a arewacin ƙasarsu, shi da jitarsa kawai. Faifansa biyu na farko a kan masunta ne da ma'aikatan da aka rufe wa masana'antu, kuma ba su yi kasuwa ba. Sai ya tafi Afirka. Da ya dawo ya fitar da faifai na uku, a ciki akwai wannan waƙa, wadda ya mayar ta soyayya, wai wata budurwa ce ke jiran saurayinta a tashar jiragen ruwa. Ita ta fito da sunansa, ta kai shi manyan dandali, ta ba shi lambar yabo. Ya yi wasu faifan bayanta, kowanne bai kai na gabansa ba, har kamfaninsa ya sallame shi ya koma waƙa a ƙananan wurare. Ana nan sai waƙar ta farfaɗo a China. Shi ya sa aka gayyato shi zagaye, kuma ranar Lahadi da la'asar zai yi wasa a wani babban kantin littattafai a nan Tianhe.

"Sunan Baba hwa? Yana ciki?"

Abdulhakeem ya yi ta jan allon wayar sama. "An rubuta kiɗan gargajiya ne, shi ya gyara."

"Sai mi kuma? Na ga ka yi shiru."

"Akwai wata hira da aka yi da shi. Ya ce wani tsoho makaho ne ya koya masa a tsakiyar hamada, a gindin wata bishiya. Wai da gari ya waye ya nemi tsohon ya rasa, ko sunansa bai sani ba."

Aicha ta dube shi har sai da ya sauke wayar. "Baba lokacin bai kai shekaruna na yanzu ba. Da idonshi yake sa wa keke ɗan bawul. Kuma gidanmu bayan gidan mai yake, motocin Katsina na wucewa." Muryarta ta ɗaga har wasu 'yan mata da ke kusa suka matsa. "Ya ci tuwon uwata wata da watanni, ya ce bai san sunan mijinta ba."

"Hajiya, a hankali, muna cikin mutane."

"Lahadi za ka kai ni."

Ya so ya zame. Ya ce yana da kaya a tashar Nansha, ya ce irin wuraren nan sai da tikiti, ya ce ta bari su nemi lauya. Ta ce in ba zai je ba za ta tafi ita kaɗai ta yi musu Hausa. Ya san za ta aikata, shi ya sa ya sayi tikiti biyu.

Sun isa da wuri, ana jera kujeru. Ewan Garrioch yana zaune a kan ɗan dandali yana ɗaure tsirkiyar jita, wata matashiya 'yar China mai kula da zagayen nasa tana tsaye kusa da shi. Ya tsufa fiye da hotonsa, hannunsa duk jijiya. Abdulhakeem ya gaishe shi da Turanci cikin ladabi, ya ce ga wata baiwar Allah daga Nijar tana son magana da shi.

"Hwaɗa mishi ni ɗiyar Mas'udu mai gurmi ce," in ji Aicha. "Hwaɗa mishi shi maci amana ne kuma maƙaryaci. Ya saci kukan da ubana ya yi wa ɗanshi, ya kai kasuwa, sannan ya tsiyaye mishi ido a gaban duniya."

Abdulhakeem ya faɗi wani abu gajere yana murmushi. Baturen ya gyaɗa kai, shi ma ya yi murmushi, ya miƙo hannu.

"Mi ka ce mishi?"

"Na ce kin san waƙar tun a gida, kina da ƙorafi kaɗan."

"Kaɗan." Ta ture shi gefe da gwiwar hannu, ta juya harshe zuwa Faransanci, don ta tuna da shi Baturen yake lallaɓawa a gidansu. "Iwan. Maraɗi. Ɗakin da ke kusa da rijiya. Ka tuna ko in ƙara?"

Hannun da ya miƙo ya sauka. Sannan ya ce, cikin Faransancin da ya yi tsatsa, "Ke ce mai kawo mini fura. Aicha." Idonsa ya kawo ruwa. "Mas'udu yana nan?"

"Ashe ka san sunan."

Ya sunkuyar da kai yana duban jitar.

"Ya rasu. Da idonsa biyu ya rasu, yana ganin kowa. Wane makaho ne ka haɗu da shi a hamada?"

Ya ce wani ɗan jarida ne ya fara rubuta haka tun farko, shi bai gyara ba, mutane suka so labarin, daga baya ya zama duk inda ya je shi ake tambaya. Ya ce a ƙasarsu haka kiɗa yake tafiya, kowa yana karɓa daga tsofaffi ya ɗora nasa, babu mai cewa nasa ne shi kaɗai. Ya ce ya sauya kalmomin gaba ɗaya, ya sauya ma'anar, kuma ta dalilinsa mutane a ƙasashe da yawa sun ji abin da mahaifinta ya ƙirƙira.

"Tsofaffin naku sun ɗora hannu a kan na'urarka sun ce kar ka fitar?"

"A'a."

"Shi ya ce?"

"Ya ce."

"To me kake gaya mini? Ka san yaron da aka yi wa ita. Takalminsa yana ɗakin da ka kwana. Kwanan nan na ga ana wanke kyanwa da kiɗansa."

Matashiyar ta matso tana tambayar ko akwai matsala, ya ɗaga mata hannu. Ya ce wa Aicha in maganar haƙƙi ce, zai yi magana da kamfanin da ke riƙe da faifan a ga abin da ya kamata iyalin su samu. Ta ce ba ta zo ciniki ba, ciniki tana yin sa a inda ake yi. Abu uku take so. Ya faɗi sunan Mas'udu a gaban mutanen nan, ya ce ƙarya ya yi. Ya ba ta kaset ɗin da ya ɗauka, don a gidansu babu muryar mahaifinta ko ta minti ɗaya. Kuma kar ya rera waƙar yau, kar ya sake rera ta.

Na farko da na biyu ya amsa nan take. A na ukun ya dubi kujerun da aka jera. "Saboda ita suka kawo ni," ya ce. "Babu wanda ya san sauran waƙoƙina a nan."

"Sai su sani yau."

"Zan gani."

Wurin ya cika da matasa, kowa da kofin shayi da waya. Aicha da Abdulhakeem suna layi na biyu. Ya yi waƙoƙinsa na masunta, mutane suna tafi sama-sama, wasu suna duba littattafai. Ita kanta ta ji cewa mutumin ya iya abinsa, kuma hakan ya ƙara mata haushi, don da bai iya ba da ta ce yunwa ce ta sa shi. Can wani ya kira sunan waƙar daga baya, wasu suka ɗauka. Ya jingine jitar a gwiwa ya fara magana, matashiyar tana juyawa zuwa Sinanci, Abdulhakeem yana raɗa wa Aicha.

"Ya ce yau rana ce babba a wurinsa. Ya ce mutumin da ya koya masa kiɗan sunansa Mas'udu, daga Maraɗi."

"Ya ce ƙarya ya yi?"

"Ya ce labarin ya sauya a hanya saboda daɗewa." Abdulhakeem ya ɗan tsaya. "Ya ce ikon Allah ya kawo 'yar mutumin nan wurin, bayan shekaru masu yawa, ta nemo shi. Ya ce a tafa miki."

Kawuna suka juyo. Wayoyi suka juyo. Wata mata da ke gabanta ta dafa ƙirji tana kallonta da tausayi. Ana cikin tafin ya ce zai rera ta yau don girmama Mas'udu da 'yarsa, ya sa yatsa a tsirkiya, kiɗan ya tashi.

Aicha ta miƙe. Abdulhakeem ya kama gefen mayafinta, ta fizge. Ta bi ta tsakanin kujeru ta hau dandalin, mutane suna ƙara tafi don sun zaci rungumarsa za ta yi. Ta damƙe wuyan jitar da hannu ɗaya, tsirkiyoyin suka mutu a tafinta. Ta juya ga mutanen ta yi magana da Hausa, ba da ihu ba, amma makirufo ya ɗauka.

"Sunan yaron Lukman. Ruwa ya ci shi. Ubanshi ya ce kar a hitar da wagga waƙa, wanga mutum ya ce ya ji. Ku kashe wayoyinku."

Babu wanda ya gane, babu wanda ya kashe. Ewan bai ja jitar ba, ya zauna hannunsa a sake, fuskarsa ta yi ja. Masu gadi biyu suka hau suka riƙe ta a damtse.

A wani ɗaki na baya aka ajiye su, cikin kwalayen littattafai. Manajan kantin ya karɓi fasfo ɗinsu ya ɗauki hoto, yana maganar kiran 'yan sanda. Abdulhakeem ya yi ta lallashi da Sinanci, yana kiransa lawban, wato maigida, yana haɗa hannu yana sunkuyawa. Daga waje suna jin jitar ta ci gaba, wata waƙar daban. Sai da aka tashi Ewan ya shigo ya ce shi ba ya ƙarar kowa, a sake su. Ya tsaya a gaban Aicha kamar zai ce wani abu. Ta karɓi fasfonta daga hannun manajan ta wuce shi.

A titi Abdulhakeem ya fashe. "Hajiya, kin san abin da kika yi? Ke jibi za ki hau jirgi. Ni a nan nake, 'ya'yana a nan suke makaranta, wata mai zuwa zan sabunta takardar zama. Yanzu hoton fasfona yana wayar mutumin nan. Baƙin mutum a garin nan ko tari ya yi sai an tambaye shi takarda, ke kin hau dandali kin kama kayan Bature."

"Da ubanka ne, zama za ka yi ana tahwa maka?"

"Da ubana ne da na nemi lauya."

"Lauya zai hana shi kaɗawa yau?"

Ya juya mata baya ya tare tasi. Suka hau har masauki. Da za ta sauka ta ce masa in wani abu ya taso a kan takardarsa ya kira ta, za ta dawo ta tsaya a gaban ko wane ne ta ce ita ta ja shi. Ya ce Allah ya kiyaye, bai dube ta ba.

Washegari bidiyon ya bazu. Wani ya yanke daidai inda ta hau dandalin, ya ɗora kiɗan a kai, ya rubuta cewa 'yar Afirka ta kasa riƙe kuka da ta ji waƙar mahaifinta. Yaran da ke lodi a sito a Huangpu suka gane ta, ɗaya ya ɗaga mata babban yatsa. Ta shiga bayan kwalaye ta kira Maraɗi.

Inna ta saurari labarin duka ba ta katse ta ba. Da Aicha ta gama, tsohuwar ta ce, "Kin ce muryar Malam na wurinshi?"

"Haka ya ce, Inna."

"To ki amso min ita. Sauran ki bar shi da Allah."

"Ni ban bar shi ba."

"Ke kika sani. Ni dai muryar."

Takardar Abdulhakeem ta fito ba tare da matsala ba, sai dai ya daɗe yana amsa saƙonta da kalma ɗaya. Duk da haka shi ya riƙa rubuta wa Ewan. Amsar farko ta ce kaset ɗin suna hannun kamfani tun da ya sayar musu da tsofaffin faifansa, sai lauyoyinsu sun duba. Aicha ta sa aka sake rubutawa, aka kuma sakewa. Sai bayan babbar salla aka turo wani guntu ta waya, Mas'udu yana yi wa 'yan kokawa kiɗa, yana dariya a tsakiya yana ce wa wani ya matsa daga haske. Kiɗan Lukman ba ya ciki, kamfanin ya ce wannan yana ƙarƙashin yarjejeniya. Inna ta sa jikokinta suka riƙa kunna mata guntun, ta hana a tura wa kowa a waje.

Da Aicha ta koma Guangzhou sayayyar hunturu, Abdulhakeem ya tare ta a ofishinsa da waya a hannu. An sake fitar da faifan nan na uku a sabon bugu, saboda kasuwar China. Ewan yana rera waƙar a duk inda ya je, kuma yanzu da labarin matar da ta hau dandali yake buɗe ta. A ƙarƙashin sunan waƙar an cire kalmar gargajiya, an rubuta cewa an samo ta daga wani Masudo, ɗan Nijeriya.

"Sun ba mu shi," in ji Abdulhakeem, yana ƙoƙarin danne dariya.

Aicha ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna a gefen kwamfutarsa, ta ajiye jaka a ƙasa.

"Buɗe ka rubuta musu," ta ce. "Kuma wannan karon abin da na hwaɗa za ka sa, kalma da kalma."